A Daina Yi Wa Keke Kuɗin Goro Da Mota A Dazuzzukan Amurka

Tun da keke ya shigo ƙasar Hausa ba a taɓa jin wani mai hankali ya sa shi layi ɗaya da mota ba. Dokin ƙarfe ake ce masa, kuma kowa ya san ba ya cin fetur, sai ƙarfin cinyar mai shi. Ɗan koli ya ɗaura kayansa a bayan Raleigh ya bi 'yar turba tsakanin gonaki zuwa kasuwar ƙauye, in ya iske masu tafiya a ƙasa ya kaɗa ƙararrawa, su ɗan goce, ya yi sallama ya wuce. Don haka mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa a Amurka, ƙasar da aka ƙago keken hawan dutse, yau fiye da shekara 40 ke nan hukuma na ɗaukar keke da mota abu guda a cikin wasu manyan dazuzzukan gwamnati. Mai doki ya shige, mai keke a tare shi a ci shi tara. Masu keke sun daɗe suna neman a sake duba wannan hukunci, kuma in za a bi gaskiya suna da hujja.

Kafin a shiga gardamar ya kamata a san girman abin da ake magana a kai. Gwamnatin tarayyar Amurka na riƙe da fili wajen eka miliyan 640 da sunan jama'a, watau ya kusa ninka Nijeriya sau uku. Yawancinsa yana yammacin ƙasar, duwatsu ne da dazuzzuka da hamada, kuma hukumomi dabam-dabam ke kula da shi, kamar Hukumar Gandun Daji da Hukumar Kula da Filaye. Kowane ɗan ƙasa na da ikon shiga yawon shan iska ko farauta ko kamun kifi bisa ƙa'ida. A cikin wannan fili akwai wani kashi na musamman wanda dokar shekarar 1964 ta keɓe, dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 3 ga watan Satumba na wannan shekara. Manufarta ita ce a bar wasu wurare yadda Allah Ya halicce su, ba titi, ba gini, ba mota, ba injin sare itace. An fara da eka miliyan 9 da 'yan kai, yanzu keɓaɓɓen dajin ya haura eka miliyan 111, kusan rabin faɗin Nijeriya ke nan.

Dokar kanta ba abin zargi ba ce. Tana cikin abubuwa masu kyau da Amurkawa suka yi wa jikokinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne wata 'yar jimla a cikinta, wadda bayan ta hana mota da kwalekwale mai inji da saukar jirgin sama, sai ta ƙara da hana duk wata hanyar sufuri ta na'ura. Ba a ambaci keke da suna ba. A shekarar 1966, da Hukumar Gandun Daji ta zauna fassara wannan jimla, sai ta ce abin nufi shi ne duk abin hawan da wani ƙarfi maras rai ke turawa. To, ɗan Adam dai mai rai ne, ƙafarsa kuma ita ke juya feda. A bisa wannan fassara ta farko, wadda aka yi shekara biyu kacal bayan dokar, sa'ad da waɗanda suka tsara ta ke zaune a majalisa, keke bai shiga cikin haramcin ba. Ita kanta majalisar, a dokar 1980 da ta keɓe dajin Rattlesnake a jihar Montana, ta lissafa hawan keke tare da tafiyar ƙasa da hawan doki cikin irin nishaɗin da mutane suka saba yi a wurin. Daga baya ne hukumar ta riƙa sauya ƙa'idojinta, har a 1984 ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Ba majalisa ce ta jefa ƙuri'a a kan keke ba, ma'aikata ne suka zauna a ofis suka yanke.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya faru tsakanin 1966 da 1984 shi ne haihuwar wani sabon keke. A gundumar Marin, arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya, wasu samari suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn masu faɗin taya, irin na shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga duwatsun da ke kewaye da Dutsen Tamalpais. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tsere a kan gangare mai tsawon kimanin mil biyu, wadda suka sa wa suna Repack, saboda kafin mutum ya kai ƙasa birkin ya yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke musamman don wannan aiki. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kamfanin sayar da irinsa, Tom Ritchey na haɗa musu gangar jikin. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a kasuwa da yawa, daga nan kuwa abin ya bazu kamar wutar daji, har a 1996 ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta.

Masu yawon ƙasa, waɗanda suka saba da shiru a kan turba, kwatsam sai suka ga samari da ƙura suna sauko musu a guje. Suka kai kuka, hukuma kuwa ta zaɓi hanya mafi sauƙi, ta kafa allon hani. A 1988 aka rufe wa keke doguwar turbar nan ta Pacific Crest, mai tsawon mil 2,650 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, har da sassanta da ba su ratsa keɓaɓɓen daji ba. Abin dariya kuma abin takaici, a Dutsen Tamalpais kansa, mahaifar wannan keke, yawancin ƙananan turbobi a rufe suke gare shi, sai dai faffaɗan hanyoyin da aka share don motocin kashe gobara. A 2024 hukumar ruwa da ke riƙe da yankin ta so ta gwada buɗe 'yan turbobi kaɗan na ɗan lokaci, wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka garzaya kotu, alƙali ya dakatar da gwajin.

Babbar hujjar masu hani ita ce keke na lalata turba. Wannan magana an auna ta. A 1994 wasu masana biyu, Wilson da Seney, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan turbobin dutse a Montana, inda suka sa mai tafiya a ƙasa da doki da babur da keke suka bi, sannan suka zuba ruwa kamar na sama suka auna ƙasar da ta zaizaye. Doki ne ya fi kowa tono ƙasa, musamman in turba ta jiƙe. Wanda ya taɓa ganin filin hawan daba bayan an watse ba zai nemi masana su gaya masa wannan ba. Doki da sirdi da mahayi kan kai rabin tan, a kan kofato huɗu masu takalmin ƙarfe, alhali keken da ake ta ƙorafi a kansa nauyinsa bai fi kilo 15 ba. Ga shi kuwa a keɓaɓɓen daji ana barin 'yan kasuwa su shiga da ayarin dawaki da alfadarai ɗauke da tantuna da tukwane, suna kai masu kuɗi farauta. Abin da ya fi cin turba shi ne ruwan sama a kan hanyar da aka tsaga ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta miƙe tsaye a gangare maimakon ta bi gefen dutse tana zubar da ruwa.

Sai kuma hujja ta biyu, cewa keke na'ura ce, na'ura kuwa ba ta dace da dajin da ake so a bari yadda yake ba. Wannan magana da ta fi nauyi da a ce ana bin ta sak. Amma dokar 1964 da kanta ta bar kiwon shanu da tumaki ya ci gaba a duk inda aka riga aka saba. Mafarauci na shiga da bindiga mai madubin hangen nesa. Masu sulu a kan ƙanƙara na shiga da takalmansu masu maƙalai na ƙarfe. A jihar Idaho akwai wani ƙaton keɓaɓɓen daji mai sunan Sanata Frank Church, inda ƙananan jiragen sama ke sauka a filayen da ke cikinsa, kwalekwale masu inji kuma na bin kogin Salmon, duk bisa izinin doka don an same su a can tun kafin a keɓe wurin. Jirgi ya sauka da ƙararsa, amma keke da ba a jin motsinsa sai an zo kusa shi ne mai ɓata shirun daji? Haba.

Kuma keke ba baƙo ba ne a duwatsun yamma. A 1897 wasu sojoji baƙar fata su 20 na runduna ta 25, ƙarƙashin Laftanar James Moss, suka taso daga barikin Missoula a Montana a kan kekuna masu giya ɗaya, ɗauke da bindigogi da guzuri, suka ratsa duwatsu da laka da yashi har birnin St. Louis, tafiyar mil 1,900 cikin kwana 41. Shekara guda kafin nan sun je har gandun Yellowstone sun dawo. Wannan fa shekara 67 ke nan kafin a rubuta dokar keɓe daji.

Abin da ya fi ƙona wa masu keke rai shi ne a karɓe musu turbar da suka daɗe suna bi. A watan Agusta na 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta keɓe kimanin eka 275,000 a duwatsun Boulder da White Clouds na jihar Idaho. Kare wurin abu ne mai kyau, an yi shekara da shekaru ana fafutukarsa. Amma da dokar ta fara aiki sai turbobin Castle Divide da Ants Basin, waɗanda masu keke ke ɗauka cikin mafiya kyau a ƙasar, suka zama haramun gare su. Jiya halal, yau tara, ba don an kama su da wata ɓarna ba. A 2016 gandun Bitterroot na Montana shi ma ya rufe musu turbobi a wuraren da ba a ma riga an keɓe ba, ana dai nazarin ko za a keɓe su. Mutanen da suka saba fita da diga da shebur ran Asabar suna gyaran turba kyauta, suna janye itatuwan da iska ta kayar, su ne aka fara kora.

A nan ne ƙungiyoyin kare daji ya kamata su tsaya su yi lissafi. Mai keken dutse mutum ne da ke son daji, ba ya son a sare shi, ba ya son a haƙa ma'adinai a cikinsa. Bisa al'ada shi ne zai fara ɗaga hannu in an ce a keɓe wani wuri. Amma tun da ya gane cewa keɓewa na nufin korarsa, sai ya koma yana adawa da abin da zuciyarsa ke so. Miliyoyin Amurkawa ne ke hawan irin wannan keke, da yawansu matasa. Ƙungiyar da ke neman magada amma take mai da matasa abokan gaba, ta yi wa kanta sakiyar da ba ruwa.

Duk da haka su ma masu keke ba waliyyai ba ne, kuma mai ba su goyon baya ba zai ɓoye laifinsu ba. Akwai marasa kunya a cikinsu da ke gangarowa kamar an harba kibiya, su firgita tsohuwa da jikanta, ko su sa doki ya yi tutsu a bakin rami. Akwai masu shiga daji da dare su tsaga turbar sata ba tare da izinin kowa ba. Maganar namun daji ma gaskiya ce. Binciken da aka yi a gandun gwaji na Starkey a jihar Oregon ya nuna cewa manyan barewin nan na Amurka sun fi gudun mai keke a kan mai tafiya a ƙasa ko mai doki, ko da yake babur mai ƙafa huɗu ya fi kowa korar su. Keke kuma na cin nisa, inda mai tafiya a ƙasa zai kwana biyu kafin ya kai, mai keke ya je ya dawo kafin magariba, don haka tsakiyar dajin da dabba ke samun hutu sai ta zama kusa. A 2016 wani ma'aikacin gandun daji a Montana ya sha kwana a guje ya yi karo da ƙaton beyar, dabbar ta kashe shi. Wuraren da namun daji ke haihuwa, da wuraren da ƙasa ke da taushi, da turbobin da mutane suka yi cunkoso, bai kamata taya ta taka su ba, ko ta taka sai a wani lokaci na shekara.

To amma duk waɗannan dalilai ne na tsara shiga da fita. Babu ɗaya a cikinsu da ya isa a rufe eka miliyan 111 da kwaɗo ɗaya daga Washinton. Abin da masu neman gyara ke roƙo ba shi da yawa, wato a mayar wa jami'in da ke kula da kowane daji ikon duba turbobinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan a bi, wancan kada a bi. Ai yana da irin wannan iko a kan dawaki da wutar girki da yawan mutanen da za su kwana a wuri guda.

An kuma gwada irin wannan tsari a wasu wurare bai kashe kowa ba. A kwarin Mill Creek kusa da birnin Salt Lake a jihar Utah, ana barin keke a turbobin sama ran 2 da 4 da 6 ga wata haka har ƙarshensa, sauran ranakun kuwa na masu tafiya a ƙasa ne, kowa ya san ranarsa kamar kasuwar ƙauye. A Ingila tun 1968 doka ta ba keke izinin bin hanyoyin dawaki, da sharaɗin ya ba mai doki da mai tafiya a ƙasa hanya. Sikotland ta fi kowa sakin hannu, dokarta ta 2003 ta ba kowa ikon ratsa yawancin filaye a ƙasa ko a doki ko a keke, muddin ba inji kuma ya kiyaye haƙƙin mutane. Misalin da ya fi dacewa da Amurka shi ne na Niyu Zilan. Turbar Heaphy mai tsawon kilomita 78 an rufe ta ga keke bayan da aka kafa gandun Kahurangi a 1996. A 2011 aka sake buɗe ta a kan gwaji, a lokacin sanyi da masu yawo ke raguwa, aka kuma hana tuƙin dare a wasu sassa don kare tsuntsun kiwi da wani irin ƙaton dodon koɗi da ke fitowa da dare. Da aka ga abin ya tafi daidai sai aka tabbatar da shi, har aka ƙara watanni.

Su ma Amurkawan sun taɓa zama sun sasanta. Ƙungiyar masu keken dutse ta IMBA, wadda aka kafa a 1988 daidai lokacin da ake ta rufe turbobi a Kalifoniya, ita ta yaɗa ƙa'idar nan cewa mai keke ne zai tsaya wa mai doki da mai tafiya a ƙasa. A 1994 ta zauna da tsohuwar ƙungiyar kare daji ta Sierra Club a garin Park City, aka amince cewa hawan keke nishaɗi ne halastacce a kan turba in an yi shi yadda ya dace. Sai dai wannan sulhu bai taɓa keɓaɓɓen daji ba.

Akwai wani tarko da masu keke za su yi hattara da shi, kuma shi ne abin da ya raba kansu. A 2015 wasu da suka gaji da lallami suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna Sustainable Trails Coalition don a gyara dokar a majalisa. Waɗanda suka karɓi kukansu su ne Sanata Mike Lee na Utah a 2016, da ɗan majalisar wakilai Tom McClintock na Kalifoniya a 2017. Ƙudurin McClintock ya tsallake kwamiti a watan Disamba na 2017 amma bai zama doka ba, ita kuwa IMBA ta fito fili ta ce ba ta goyon bayansa, abin da ya jawo mata zagi daga 'ya'yanta. Tsoron da ake yi shi ne, in aka buɗe dokar 1964 don a sa keke, wasu za su cusa nasu buƙatun ta wannan kafa. Tsoron kuwa ba na banza ba ne, domin a 2025 shi wannan Sanata Lee ne ya kawo shawarar a sayar da wani ɓangare na filayen gwamnati, sai da jama'a suka yi caa, mafarauta da masu keke da masu yawo baki ɗaya, sannan ya janye. Filin da aka sayar aka kewaye da waya, ba keke ba, ko ƙafa ba za ta shiga ba.

Saboda haka hanyar da ta fi aminci ba ta buƙatar a taɓa dokar 1964 ko da harafi ɗaya. Ƙa'idar 1984 hukuma ce ta rubuta ta, hukuma kuma na iya komawa kan fassararta ta 1966, sauran hukumomin su bi sahu. Kafin nan, duk lokacin da za a keɓe sabon daji, a ja iyakarsa yadda turbobin da keke ya riga ya saba bi za su tsira, ko a ba wurin wani matsayin kariya da ke hana sara da haƙa amma bai hana feda ba. Majalisa ta nuna tana iya sauraro in ta ga dama, domin a dokar nishaɗin waje da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Janairu na 2025 akwai sashen da ya umarci hukumomi su zaƙulo dogayen turbobin keke a filayen gwamnati.

Su kuma masu keke akwai abin da ya wajaba su yi da bakinsu, wato su raba kansu da keke mai batir. A 2019 Ma'aikatar Cikin Gida ta ba da umarnin a bar irin wannan keke a wuraren da ake barin keke na gargajiya, ita kuwa Hukumar Gandun Daji tana lissafa shi cikin abin hawa mai inji. A nan hukumar gandun dajin ce ke da gaskiya. Duk hujjar mai keke ta tsaya ne a kan abu ɗaya, cewa guminsa ne ke kai shi kan dutse. Ranar da ya yarda a saka batir a cikin maganar, ya miƙa wa masu hani sandar da za su doke shi da ita, kuma fassarar 1966 da yake dogara da ita ita ce za ta fara fitar da shi daga dajin.